Ka Sa Shi a Kan Gicciye

Shekarun baya, lokacin gwiwoyina suna yarda in hau babur, abokina ya kira ni a waya ya ce in zo ƙauyensu in ɗaura masa madubi a kan bindiga. Ƙauyen yana gefen hanyar da ta tashi daga Kafanchan zuwa Kwoi, sai ka bar kwalta ka gangara cikin kwari. Tare muka yi firamare da shi. Shi mutumin Jaba ne, dattijo a ikilisiyarsu, manomin citta da masara. Ni kuwa a bayan kasuwar Kafanchan aka haife ni, gidan 'yan koli. Yana kirana Alhaji Yawo, ina kiransa Dattijo.

Bindigar ta iska ce, irin wadda ake karyawa a tsakiya a saka mata 'yar ƙwayar dalma. Ɗansa da ke aiki a Legas ne ya aiko masa da ita saboda birai sun hana shi cin masararsa. Iyakar ƙarfinta kurciya da gafiya, biri kuwa sai dai ta ba shi tsoro. Amma baƙa ce, doguwa, kuma idan aka ɗora mata madubin hangen nesan da ya zo tare da ita a kwali, wanda ya hango ta zai rantse ta sojoji ce.

Dalilin da ya sa ni ya nema, na taɓa yin tuƙi da kanikanci a wani sansanin farauta a arewacin Kamaru, wajen Garwa. Wani Bafaranshe ne mai wurin, kuma a hannunsa na ga yadda ake wannan aikin. Tun da na dawo gida babu majalisar da ban ba da labarin ba. Na yi Kumasi, na yi Injamena, na yi Fatakwal. Ina jin Fulatanci da Faransanci, na tsinci Ibo a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, har Jabanci ina ɗan taɓawa. Mutumin da ya tara waɗannan a bakinsa yakan ɗauka babu maganar da za ta gagare shi. Haka nake ganin kaina a lokacin.

Sai dai gari bai daɗe da lafawa daga rikici ba. Ba zan shiga wannan labarin ba, duk ɗan kudancin Kaduna ya san irin zaman da nake nufi. Ana gaisawa, ana ciniki, amma idan tayar mota ta fashe a tasha, kafin ka juya rabin shaguna sun rufe. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana raye a lokacin. Da na ce mata ga inda za ni, sai ta ce, "Bindiga kuma? A wannan zamanin?" Na ce ta wasan yara ce. Ta ce, "To su mutane za su tsaya su tambaye ta?"

Na isa bayan azahar. Damina ce, masara ta nuna, hanyar kwarin duk taɓo. Matar abokina ta kawo mana dafaffiyar gyaɗa, muka taɓa, sannan muka fito da tebur tsakar gida muka ɗora buhunan citta biyu, muka kwantar da bindigar a kansu. Na karya ta na leƙa da kaina, babu komai a ciki.

Ga wanda bai san aikin ba, abin da ake nema ɗaya ne. Idan ka leƙa cikin madubin za ka ga siraran layuka biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, sun haɗu a tsakiya. Dole na tsayen ya tsaya sak a kan bindigar. In ya ɗan karkace, ko da idonka bai gani ba, a kusa za ka samu abin da ka auna, amma da nisa ya ƙaru sai dalmar ta riƙa faɗawa gefe, kai ta zagin bindiga alhali ba laifinta. Idon mutum kuwa ba abin yarda ba ne a nan, don kowa da yadda yake karkata kansa. Shi ya sa ake rataya igiya da dutse a ƙarshenta, can gaba. Igiya mai nauyi a ƙasa ba ta san karkata ba. Sai ka daidaita bindigar da ɗan ma'aunin magina mai kumfa a cikin ruwa, ka juya madubin a cikin zobbansa har layin tsayen ya kwanta a kan igiyar, sannan a ɗaure sukurorin kaɗan kaɗan, na dama, na hagu, don in ka ƙulle gefe ɗaya gaba ɗaya madubin zai juya ya bi shi.

Bafaranshen nan kullum a gaban bango ko babban suri yake rataya igiyarsa. Ni ma na fara gwada bangon rumbu, amma akwai inuwa, igiyar ba ta fita. Sai na hango mangwaron da ke gefen gida ta gabas, rana tana dukansa daga bayanmu. A gindinsa akwai shingen ƙerana da ya kai ƙugu, bayan shingen kuma 'yar hanya ce da ba kowa ke bi ba. Na je na ɗaura igiyar a reshe, na leƙa hanyar, babu kowa. Na dawo.

Abu biyu zan faɗa game da bakin abokina, don a kansu komai ya rataya. Na farko, Hausarsa ba ta san "ita" ba. Kamar yawancin mutanen wajen, komai "shi" ne a wurinsa: mota shi, bindiga shi, matarsa ma shi. Tun muna yara nake tsokanarsa da wannan, har kunnena ya daina ji. Na biyu, layukan nan biyu da ni nake ce wa alamar tarawa, shi da ya leƙa sau ɗaya sai ya yi dariya ya ce, "Ashe akwai gicciye a ciki! To Ubangiji ya riga ya sa albarka." Daga nan sunan ya zauna.

Na zauna a bayan bindigar, kumatuna a kan gindinta, ido ɗaya a rufe. Shi yana tsaye a gefena da sukudireba, ya sunkuyar da kai yana gadin kumfar ma'aunin. Maƙwabta sun tayar da injin niƙa, don haka duk maganar da zai yi sai ya ɗaga murya. Iska tana ɗan kaɗa igiyar, tana zuwa tana dawowa.

"Ka gan shi?"

"Na gani. Ana motsi."

"To ka bari ya tsaya tukuna. Kar ka yi sauri, Alhaji Yawo, ba zai gudu ba."

Cikin madubi duniya ƙarama ce. Ban ga komai ba sai igiya, ganyen mangwaro, da saman ƙerana. Igiyar ta fara lafawa. Ina riƙe numfashi ina juya madubin da yatsu biyu.

"In ya tsaya cik, ka sa shi a kan gicciye, daidai tsakiya. Kana gama sa shi, ka gaya mini, mu gama da shi kawai."

A daidai nan wani farin abu ya taso daga bayan shingen ya cika madubin. Hula ce. Ƙarƙashinta ƙeyar mutum, da gashi mai furfura kaɗan, da wuyan farar riga. Inda layukan biyu suka haɗu yana zaune daidai ramin ƙeyarsa. Har wani ɗan tabo na gani a bayan kunnensa. Ya ɗaga kai a natse, sai na gane daga sujada ya taso. Salla yake yi.

Na san na duba bindigar. Da idona na duba. Amma a wannan lokacin wani abu ya ce mini, ka tabbata? Yatsana da ke nesa da kunamar ya yi sanyi kamar ba nawa ba. Na kasa ɗaga kaina, na kasa ture bindigar. Abokina ya yi ihu cikin ƙarar inji, "Ya tsaya?"

Duk harsunan da na yi yawon duniya ina tarawa, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ya tashi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Daga bayanmu muryar ta fito. Muka juya. Wani mutum ne tsaye a ƙofar gida, magidanci mai gemu, idanunsa kamar za su faɗo. Daga baya na san ƙanen mai sallar ne, fataken citta ne daga can arewa, zuwansu na farko kenan yankin. Yayan ya tsaya yin la'asar a inuwar mangwaro, shi kuma ya zagayo ya tambaya ko akwai busasshiyar citta ta sayarwa. Injin niƙa ya cinye ƙarar babur ɗinsu, ya cinye sallamarsa. Tun yaushe yake tsaye, ban sani ba. Amma ya ji abin da ya ishe shi.

Ya kwasa da gudu yana ihu, "Yaya! Yaya, sallame! Za su harbe ka!" Kafin in miƙe daga kujera mun ji babur ya tashi. Na ruga bakin shinge. Darduma tana shimfiɗe, buta a gefe, takalma biyu a jere. Su kuwa har sun sha kwana.

Abokina ya biyo ni da sukudireba a hannu. "Mene ne? Su wane ne? Me ya sa ya gudu?"

Na maimaita masa maganganunsa ɗaya bayan ɗaya, yadda Bahaushen arewa zai ji su. Ka bari ya tsaya. Ba zai gudu ba. Ka sa shi a kan gicciye. Mu gama da shi. Ina faɗa ina kallon fuskarsa tana sauyawa. Ya dafa mangwaro ya ce, "Yesu. Ai igiya ne nake nufi."

"Na sani. Shi bai sani ba."

Babu wanda ya buƙaci a yi masa bayanin abin da zai biyo baya. Dattijon coci ya ɗana bindigar soja a kan Musulmi yana salla, yana cewa a sa shi a gicciye. Wannan maganar in ta shiga Kafanchan kafin magariba, ba gidan abokina kaɗai za ta ci ba. Na taɓa ganin irinta a wata ƙasa, inda maganar da ba ta kai wannan ba ta tashi unguwa guda. Ba wanda ya tsaya neman wanda ya fara faɗa.

Matar abokina ce ta fi mu hankali. Ta fito hannunta duk gari, ta ji abin da ya faru, ta ce, "A kwarin nan babu sabis. Sai sun hau tudu, wajen mararraba, waya zai kama. Hanyan mota yana zagaya rafi, kuma akwai taɓo. Ka bi ta gonan citta, ka haye katako, za ka fito a bayan mai gasa masara."

Abokina ya nufi babur ɗinsa. Ta riƙe masa riga. "Kai ina za ka? In sun gan ka za su ce ka biyo su ka ƙarasa. Baba Alhaji ne zai je. Shi ne mai hula."

Na tsinke igiyar da dutsenta na cusa a aljihu, na ɗauki takalman na rataya a hannun babur. Yadda na haye katakon rafin nan har yau ban sani ba. Na dai tuna ruwa ja yana gudu a ƙarƙashina, ina karanta duk abin da ya zo bakina, har da addu'ar cin abinci.

Na fito a mararraba na same su. Sun riga ni, amma da kaɗan. Yayan yana tsaye ba takalmi, wandonsa duk taɓo, yana haki. Ƙanen ya kara waya a bakinsa, babban yatsansa a danne a kan gilashin, yana magana da sauri: "...ƙauyen da ke gangaren nan, gida mai mangwaro a gefe, su biyu ne, wallahi da idona na gani, duk wanda yake kusa ya sanar da jama'a..."

Saƙon murya yake ɗauka. Na san yadda abin yake, don ni ma na sha aika shirme ba da niyya ba. Muddin yatsanka yana danne, maganar tana hannunka. Da ka ɗaga shi, ta tafi. In kana so ka fasa, sai ka ja yatsan gefe ba tare da ka ɗaga ba. Kuma guruf ɗin 'yan citta yake aika wa, mai mutane daga Kafanchan har Kaduna har Kano.

Na yar da babur ɗin, na ɗaga takalman sama da hannu biyu kamar mai miƙa wuya. "Salamu alaikum! Ɗana, don girman Allah kar ka ɗaga yatsan nan!"

Ya ja da baya. "Yaya, ga shi nan! Shi ne mai riƙe da bindigar!"

"Ni ne. Ga ni, ba komai a hannuna sai takalmanku. Ka riƙe yatsan, ka saurare ni. In na gama ba ka yarda ba, ka saki."

"Kar ka matso!"

"Ban matso ba. Ni Musulmi ne ɗan'uwanka, a Kafanchan aka..."

"To ai naka ya fi muni, tsohon banza! Nawa suka ba ka?"

Can gefe, ƙarƙashin wata bishiya, 'yan acaɓan ƙauyen sun daina hira sun zuba mana ido. Biyu sun sauko daga kan baburansu. Wannan ya ƙara mini wani tsoron a kan na farko. In suka ji baƙi suna ambaton gidan dattijonsu da kiran jama'a, waɗannan mutanen biyu ba za su bar mararrabar nan lafiya ba, kuma ƙaryar za ta zama gaskiya. Na rage murya.

Na zaro igiyar da dutsen na ɗaga. Na ce wannan muke aunawa. Na yi bayanin madubi, da layuka biyu, da bindigar iska, da birai. Maganar tana fitowa a hargitse. Ni da na taɓa yin tafinta tsakanin Bafaranshe da Fulanin daji, na kasa jera Hausa.

Ƙanen ya yi wata dariya marar daɗi. "Igiya? Igiya ce 'shi'? Da kunnena na ji. Ka bari ya tsaya, ka sa shi a kan gicciye. Kai kuma ka ce ya tashi. Igiya tana tashi ne?"

"Wannan kam yayanka nake nufi," na ce. "Ganinsa na yi kwatsam, na ruɗe."

"Ka ji ko, Yaya? Ya amsa da bakinsa."

Idona ya koma kan yatsan nasa. Ina kallonsa. Farcen ya yi fari saboda dannawa, gumi yana gangarowa daga tafin hannunsa zuwa gilashin. Ko bai yi niyya ba, gajiya kaɗai za ta iya ɗaga shi. Yayan kuwa yana tsaye a gefe. Yana kallon igiyar, yana kallon takalmansa, yana kallona.

Sai matar da ke gasa masara a bayanmu ta kurma ihu. Duk muka zabura. Ashe wata akuya ce ta ga hankalinta ya koma kanmu ta saci masara guda daga tire.

"Kai! Akuyan nan zai kashe ni! Ku kore shi mana! Kullum sai ya sata, yana da ciki ma ba ya jin kunya!"

Akuyar ta wuce ta tsakaninmu da masara a baki, cikinta ya yi gefe da gefe, hantsarta tana lilo. Yayan ya bi ta da ido har ta shige ciyawa. Sannan a hankali ya ce, kamar da kansa yake magana, "Yana da ciki."

Ya juyo ga ƙanensa. "Mutumin da muka je gidansa da safe, me ya ce mana game da matarsa?"

Ƙanen ya kawar da kai.

"Na ce me ya ce?"

"Ya ce... matana ya haihu."

"Har muka yi ta dariya a hanya." Ya numfasa. "Ja yatsan gefe."

"Yaya, in ƙarya yake yi fa?"

"In ƙarya ce, wayar tana hannunka, sabis bai gudu ba, sai ka sake wani. In kuwa gaskiya ce ka saki wannan, wa zai bi shi ya dawo da shi?"

Ƙanen ya kalli wayar. Ya fara jan yatsan, gumi ya sa ya zame, wayar ta yi wata 'yar ƙara. Ba mu san ƙarar tafiya ce ko ta fasawa ba. Mu uku muka haɗa kai a kan gilashin, ni da mutanen da suka ɗauka na zo kashe su. Saƙon ƙarshe a guruf ɗin na wani ne yana tambayar mota zuwa Kaciya. Ƙarƙashinsa babu komai.

Na zauna daɓas a cikin taɓo, da babbar rigata da komai. Mai masara ta ce, "Baba, lafiya? Ko jini ne ya hau?" Ɗaya daga cikin 'yan acaɓan ya ƙaraso yana tambayar ko akwai matsala. Na ce babu, baƙin Dattijo ne suka manta takalmi.

Amma maganar ba ta ƙare ba. Yayan ya sa takalmansa ya ce zai koma ya gani da idonsa, ga kuma dardumarsa, ga sallar da bai idar ba. Ya ce wa ƙanen, "Kai ka zauna nan inda waya take kamawa. In rana ta taɓa kan dutsen can ban dawo ba, ka faɗi abin da ka gani." Ya hau bayana. Duk hanyar ina jin numfashinsa a wuyana, kuma ban taɓa tuƙa babur da taka-tsantsan irin na ranar ba. In muka faɗa rafi, ba mu kaɗai za mu nutse ba.

Mun tarar matar abokina ta kai bindigar ƙarƙashin gado, madubin kaɗai ke kan tebur. Abokina ya fito da ita a karye, ya riƙe ta ta baki ya miƙa wa baƙon gindin, ya zuba masa ƙwayoyin dalmar a tafin hannu. Ya ce, "Malam, ka gafarce ni. Allah shi ne shaida, igiya ne nake magana. Shi ne muke so ya tsaya."

Baƙon ya juya ƙwayoyin a hannunsa, ya ajiye. Ya ɗauki madubin ya leƙa ya daɗe. Sannan ya ce mini, "Baba, je ka tsaya inda na tsaya."

Ban yi musu ba. Na zagaya shingen na tsaya a kan dardumarsa, na fuskanci gabas, na ba shi baya. Na san bututu ne kawai da gilashi a hannunsa, bindigar tana kan tebur a karye. Duk da haka ramin ƙeyata ya ɗauki zafi kamar an ɗora garwashi. Ina so in juya, na hana kaina. Injin niƙa ya mutu, gidan ya yi tsit, har ina jin kaji suna tono. Ban san iya lokacin da na ɗauka a tsaye ba, na dai san a nan na fahimci abin da ƙanensa ya gani, na kuma daina jin haushin "tsohon banza" da ya ce mini.

Can sai na ji muryarsa. "Dattijo."

"Na'am, Malam."

"Ya tsaya cik. Ga shi nan a kan gicciye."

Matar abokina ce ta fara fashewa da dariya, irin dariyar da ke zuwa da hawaye. Abokina ya zauna a kan buhun citta ya rufe fuska da hannu biyu. Ita ta kawo ruwa a bokiti, muka yi alwala, don ni ma ban yi la'asar ba. Muka yi sallar a gurguje a gindin mangwaron, baƙon yana gaba ina bayansa, abokina yana tsaye a bakin shinge yana korar kaji. Na mayar da shi mararraba rana tana gab da dutsen. Ƙanen bai gaishe ni ba, ni ma ban nema ba. Citta kam ba su saya ba.

Ba a taɓa ɗaura madubin nan ba. Abokina ya ce ko a mafarki ba ya son ganinsa a kan bindiga. Yanzu jikokinsa ke leƙen tsuntsaye da shi, birai kuma suna nan suna cin rabonsu. Da na gaya wa mahaifiyata, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dai tambaya ko na ba mai masarar nan wani abu saboda akuyarta. Na ce akuyar ba tata ba ce. Ta ce, "To ka nemo mai ita."

Na yi tunanin abin sau da yawa. Bafaranshen nan bai taɓa gaya mini dalilin bangonsa ba, ni kuma na ɗauka don igiya ta fito sosai ne kawai. Na koyi yadda ake daidaita layi da igiya har ba a ganin bambanci, ban koyi cewa madubin da ke kawo maka abu kusa shi ne yake ɓoye maka duk abin da ke kewaye da shi ba. Haka kuma kunnena. Na saba da bakin abokina har na manta yadda yake sauka a kunnen baƙo. Ƙanen nan bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Duk kalmar da ya faɗa a cikin wayar, an faɗe ta a gabansa. Wannan ne yake hana ni sakewa har yanzu idan aka turo mini saƙo mai farawa da "wallahi da idona na gani."

Abokina yana nan, ya tsufa, kuma har gobe matarsa "shi" ce. Na daina tsokanarsa. Shi ne ma wani lokaci, in muna zaune, sai ya tsaya a tsakiyar magana ya ce, "Alhaji Yawo, igiya fa, shi ne ko ita ne?" Mu yi dariya, amma ba ta yin nisa.

Jikokina kuma suna ƙorafi wai ina ɓata musu lokaci da rubutu a waya, harafi ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, alhali ga maɓallin murya nan, in danna kawai in yi magana. Nakan ce musu idona ne yake son motsa jiki. Gaskiyar ita ce, duk lokacin da na kai babban yatsana kusa da maɓallin nan, sai in ga farcen mutumin nan ya yi fari, gumi yana gangarowa, in ji ƙeyata ta ɗauki zafi. Sai in janye hannuna, in ci gaba da rubutuna a hankali.